An sauke ɗana daga motar makaranta an bar ƙanwarsa: ina laifin yake?

"Assalamu alaikum. Muna zaune a wani ƙaramin gari a arewacin Ingila, shekararmu biyu da zuwa. Maigidana yana aiki a gidan kula da tsofaffi, bizar aiki gare shi, mu kuma muna ƙarƙashinsa. Yaranmu biyu firamare ɗaya suke, namijin ya cika shekara 8 a watan Maris, macen tana da 6. Tun zuwanmu motar makaranta ke ɗaukarsu kyauta. Yanzu takarda ta zo daga kansil, wato ƙaramar hukumarmu, cewa daga Satumba babban ba zai ƙara shiga ba, sai ƙaramar kawai. Sun rubuta nisan mil 2.4. Ɗan maƙwabciyarmu kuwa sa'ansa ne, ajinsu ɗaya, amma shi ba a taɓa shi ba. Ba mu da mota, ga goyo a bayana. Shin don bizarmu ce, tunda an buga mana cewa ba ruwanmu da tallafin gwamnati? Kuma akwai abin da za mu iya yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana yaran, ya yi musu albarka.

In na fahimce ki da kyau, tambayoyi uku ne a dunƙule: ko bizarku ce ta jawo, me ya bambanta ɗanki da ɗan maƙwabciya, sannan ko akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa kafin Satumba ta zo. Na yi shekaru ina aiki a sashen da ke kula da kai yara makaranta a wata kansil a nan Ingila, kuma irin takardar nan da ta tayar miki da hankali na sha buga ta da hannuna. Ban ga taku ba, ni kuma ba lauya ba ne, amma lambobin da kika kawo sun ishe ni in gane inda aka dosa.

Ki fara cire biza daga ranki. Sharaɗin da aka buga muku yana magana ne a kan wasu tallafi da dokar shige da fice ta jera da sunayensu, irin su Universal Credit (tallafin wata-wata na masu ƙaramin ƙarfi), kuɗin yara, tallafin haya da gidajen kansil. Karatun yaro a makarantar gwamnati ba ya cikin jerin, motar da ke kai shi ma ba ta ciki. Hujjar ma tana hannunki: da biza ce, da ƙaramar ma an sauke ta, kai da tun farko ma ba a ɗauke su ba. Abin da ya sauke ɗanki daga mota ranar haihuwarsa ce.

Mil 2 da mil 3

A Ingila doka ta ɗora wa kansil nauyin kai yaro makaranta kyauta in yana cikin shekarun karatun dole, wato daga 5 zuwa 16, yana zuwa makaranta mafi kusa da ta dace da shi, kuma nisan ya zarce abin da doka ta ɗauka yaro zai iya takawa da ƙafa. Wannan nisa hawa biyu ne. Yaron da bai kai shekara 8 ba, mil 2 ne nasa, kimanin kilomita 3.2. Daga ranar da ya cika 8 sai ya koma mil 3, kimanin kilomita 4.8. Gidanku yana mil 2.4, ya faɗa tsakanin biyun ke nan. A wurin 'yarki nisan ya wuce iyaka, a wurin yayanta bai kai ba, alhali ƙofa ɗaya suke fita da safe. Ita ma ranar da ta cika 8 irin wannan takarda za ta biyo baya, gara ki san da zamanta tun yanzu. Kansil ɗinku ma ta ɗan ɗaga muku ƙafa, domin haƙƙinsa ya ƙare tun Maris amma ta bar shi ya ƙarasa shekarar karatu. Da yawa haka suke yi, wasu kuwa ƙarshen zango suke yankewa.

Lambobin nan tsofaffi ne. A dokar ilimi ta 1944 aka sa su, yaƙin duniya na biyu ma bai ƙare ba, dokar 1996 da ake aiki da ita yanzu ta ɗauko su yadda suke. Asalinsu ma kariya ce ga uban da aka gurfanar a kotu don ɗansa ba ya zuwa makaranta: in ya nuna nisan ya wuce haka kuma hukuma ba ta tanadi abin hawa ba, ya kuɓuta. Daga nan suka zama ma'aunin rabon mota. Ni a ganina sun daɗe da tsufa. An tsara su lokacin da titin ƙauye bai san cunkoson motocin yau ba, kuma ana ɗauka akwai uwa a gida da ba ta da wani aiki sai rakiya. Mil 2.4 a ƙafar yaro ɗan shekara 8 tafiyar kusan awa guda ce. Uwar da za ta kai shi ta dawo, ta koma ta ɗauko shi, ta taka mil 9.6 a wuni. Duk wanda ya zauna a ofishinmu ya san wannan lissafi, amma doka ba ta ba mu ikon canza lambar ba.

Saboda sauran 'yan uwa masu karanta wannan daga wasu sassa: a Wales da Arewacin Ireland ba a raba 'yan firamare da shekara 8, mil 2 ne har su gama. A Jamhuriyar Ireland ma kilomita 3.2 ne ga duk ɗan firamare. A Landan kuwa maganar ba ta cika tasowa ba, tunda yaron da bai kai 11 ba kyauta yake shiga bas.

Ɗan maƙwabciya

Nan ne nake ganin ƙofarku ta farko. A 2006 aka yi wa dokar gyara don iyalai masu ƙaramin ƙarfi. Yaron da ke tsakanin 8 da 11, in ya cancanci abincin makaranta kyauta saboda ƙarancin kuɗin shigar gidansu, ba a ɗaga masa iyakar zuwa mil 3, ana barinsa a kan mil 2. In yara biyu sa'annin juna suna layi ɗaya, makaranta ɗaya, an bar ɗaya an sauke ɗaya, sau da yawa wannan ne dalili. Yana iya yiwuwa kuma yaron yana da wata larura da ido ba ya gani, ko iyayensa biyan kuɗin kujera suke yi ba ku sani ba. Kada ki ɓata lokaci kina tambayar kansil a kansa, ba za su faɗa miki sirrin wani gida ba, kuma "ai an ba wane" ba ta taɓa cin shari'a a gabanmu ba.

Za ki ce ai ku ba ku karɓar Universal Credit, ina ku ina abincin makaranta kyauta? Mutanenmu da yawa a nan suke yin asara. Gaskiya ne hanyar da aka fi sani ta masu Universal Credit ce, kuma a ƙa'idar da aka kafa a 2018 an taƙaita ta ga waɗanda abin da suke samu daga aiki bai wuce fam 7,400 a shekara ba. Amma tun 2022 gwamnati ta buɗe abincin ga yaran iyalan da aka hana tallafin gwamnati, har da masu bizar aiki da ta karatu, muddin kuɗin shigar gidan bai wuce wata iyaka ba. A ƙa'idar da aka fitar lokacin, iyali mai yara biyu ko fiye a wajen Landan iyakarsa fam 26,300 ce a shekara, kuma ajiyarsa kada ta haura fam 16,000. In maigida kaɗai ke aiki, da albashin gidan kula da tsofaffi, ku zauna ku lissafa, ƙila kun shiga. A ofishin makaranta ake karɓar fom ɗin, za su nemi shaidar biza da takardun albashi. Neman wannan ba ya taɓa bizarku, don shi ma abincin makaranta ba ya cikin jerin da aka hana ku. In aka amince, ku ɗauki takardar amincewar ku kai wa sashen motoci, ku nemi a sake duba yaron a kan mil 2.

Wani abu da ke rikita iyaye: 'yarki tana cin abinci kyauta yanzu, amma wannan na kowa da kowa ne, duk yaron da ke ajin share fage da aji ɗaya da aji biyu yana samu tun 2014. Ba shi ake nufi ba. Wanda ake lissafawa shi ne wanda aka nema aka duba kuɗin shiga.

Hanyar da aka auna

In waccan ƙofa ba ta buɗu ba, sai a koma kan hanyar kanta, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan na fi ganin an juya hukunci.

Mil 2.4 da aka rubuta ba nisan da mota ke bi ba ne, ba kuma miƙaƙƙen layi a taswira ba. Hanya mafi gajarta ce da yaro zai iya bi da ƙafa cikin aminci, tare da babba in akwai buƙata. Tana iya ratsa lungu, filin wasa, gefen gona, gadar masu tafiya a ƙasa. Kwamfuta ce ke zana ta daga taswirar kansil, kuma kwamfuta ba ta san an sa wa wani lungu kwaɗo ba, ba ta san wani wuri yana zama tafki duk lokacin sanyi ba. Saboda haka abu na farko, ki rubuta musu ki ce su turo miki taswirar hanyar da suka auna, daga ina suka fara, a wace ƙofar makaranta suka tsaya. Kada ki dogara da Google Maps, ba da shi suke aiki ba, sau da yawa ma hanyoyin sun saɓa.

Daga 2.4 zuwa 3 akwai tazara, don haka kuskuren awo kaɗai da wuya ya cece ku. Mai ceton shi ne a tabbatar da cewa wani yanki na hanyar ba ya takuwa cikin aminci ko da babba na riƙe da hannun yaron. In aka soke wannan yanki, sai a nemi wata hanyar. In waccan ta haura mil 3, yaro ya cancanta. In babu wata hanyar sam, ya cancanta ko da nisan rabin mil ne.

Sai dai ki san tsaurin ma'aunin kafin ki shiga. Shari'o'i biyu ne suka kafa shi, duka a gaban alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda a lokacin su ne kotun ƙoli. A 1986, a yankin Essex, iyayen wata yarinya 'yar shekara 12 sun ƙi barinta ta bi wata hanya da ta gaza mil 3 da ɗan kaɗan, don tana ratsa wani fili da ba kowa, wani sashensa babu fitila. Alƙalai suka ce hanya ba ta fita daga lissafi don kawai tana da haɗari ga yaron da ke tafe shi kaɗai, in dai da rakiya za a iya binta lafiya. A 1988 kuma, a Devon, wani yaro mai kimanin shekara 9 yana mil 2.8 daga makaranta, titin ƙauye ne marar fitila, marar gefen masu tafiya, taraktoci da tankokin madara da motocin shanu na bi. Nan ma kansil ce ta yi nasara, aka ce tana da damar duba ko akwai babban da zai iya raka shi. Kin ga ke nan, "duhu ne" ko "ina tsoron miyagun mutane" ba su cika yin tasiri ba. Masu duba hanya haɗarin mota suka fi dubawa, kuma rashin fitilar titi shi kaɗai ba ya soke hanya, duk da cewa a Disamba a arewacin Ingila rana ba ta fitowa sai bayan takwas, kafin huɗu kuma ta faɗi.

Abin da ke tasiri shi ne abin da za a iya aunawa ko a ɗauka a hoto. Shin akwai gefen masu tafiya, ko a kan kwalta ake tafe? In babu, akwai inda mutum zai raɓe in mota ta taho? Gudun nawa aka yarda a titin? Direban da ya fito daga kwana yana hango mai tafiya daga nesa, ko sai ya zo kansa? A wurin tsallakawa, sakan nawa ake samu tsakanin mota da mota a lokacin zuwa makaranta? Akwai rafi ko magudana a gefe ba shinge? An taɓa yin hatsari a wurin?

Na tuna wata safiya cikin hunturu da aka tura ni da abokiyar aikina duba wata hanya, bayan wani magidanci ya kawo ƙorafi. A taswira hanyar lafiya lau, har an taɓa duba ta a baya an ce ta yi. Muka sa rigunanmu masu ƙyalli, na ɗauki kekenmu na awo, wani ɗan ƙaramin wili mai sanda da ke ƙirga mita, muka tashi daga ƙofar gidan mutumin da ƙarfe takwas saura. Rabin farko ba abin cewa. Da muka wuce gidajen ƙarshe sai gefen masu tafiya ya ƙare, titin ya tsuke ya shiga kwana, dama da hagu shingen ƙaya ne da ya fi ni tsawo, ya cinye 'yar ciyawar da a da ake raɓewa a kai. Muna tsakiyar kwanar wata babbar mota ta ɓullo. Ba inda za mu je, sai muka manna bayanmu cikin ƙayar, iskar motar ta watsa mana ruwan titi har fuska, madubinta ya wuce ta saitin kaina. Abokiyar aikina ta dube ni, ta ciro biro da hannu yana rawa ta rubuta lokacin. Ashe wanda ya duba hanyar a baya da rani ya zo, da tsakar rana, shingen kuma sabon aski. Aka soke yankin, yaran layin gaba ɗaya suka samu mota. Abin da ya sa aka tura mu kuwa, mutumin bai rubuto mana labarin wahalarsa ba. Hotuna shida ya turo, kowanne da lokacin da aka ɗauka, da ƙirgen manyan motocin da suka wuce cikin rabin awa. Gani ya kori ji.

To ke ma haka za ki yi. Ranar da maigida yake hutu, ku bi hanyar da ke taswirar, a daidai lokacin da yaron zai bi ta, safe da yamma. Duk inda kuka ji gabanku ya faɗi, ku tsaya ku ɗauki hoto, ku rubuta sunan titin da lokaci. In kuwa kun bi kun ga gefen masu tafiya ne tun daga gida har makaranta, da wuraren tsallakawa masu danja, to ku faɗa wa kanku gaskiya, wannan ƙofa a rufe take.

Goyo da aikin maigida

Na san abin da ya fi damunki ba kwana ko shinge ba ne, wanda zai yi rakiyar ne. A can gida, da yayye da 'yan uwa da yaran maƙwabta, yaro ba ya rasa ayarin da zai bi, in ta kama a haɗa kuɗin a-daidaita-sahu. A nan daga ke sai goyonki, maigida kuma ko yana aikin dare ko ya fita tun asuba. Abin baƙin cikin shi ne, jagorar da Ma'aikatar Ilimi ta ba kansil-kansil ta ɗauki rakiya a matsayin nauyin iyaye, kuma aiki ko kula da wasu yara, su kaɗai, ba su cika zama uzuri ba. Amma jagorar ta ce a dubi halin kowane gida, kuma akwai abu ɗaya a labarinki da ya kamata ki fito da shi fili: dole ki tsaya a sa 'yar shekara 6 a mota, ki kuma tarye ta in an sauke ta, a daidai lokacin da ake so ki kasance a hanya da yayanta. Ki rubuta lokutan dalla-dalla, ƙarfe kaza mota ke zuwa, ƙarfe kaza ake rufe ƙofar makaranta, tafiyar minti kaza ce. Ba na miki alkawarin zai ci, amma kansil tana da ikon taimakawa bisa ganin damarta ko da doka ba ta tilasta mata ba, kuma kwamiti ya fi saurarar jadawali a kan kuka.

Rashin lafiya kuwa maganarsa daban. In yaron yana da nakasa, ko matsalar tafiya, ko wata buƙata ta musamman da ta sa ba za a sa ran ya taka wannan nisa ba ko da rakiya, ba a ma kallon mil, ana duba shi ne shi kaɗai. Sikila, alal misali, wadda ta yi yawa a cikinmu kuma sanyi ke tayar da ita, abin a kawo takardar likita ne a kai. Haka in ke kanki kina da larurar da ta hana ki doguwar tafiya, dokar daidaito ta 2010 ta sa dole a saurare ki. Kada kunya ta sa a ɓoye irin wannan, na ga gidajen da suka yi shekara suna wahala da hujjarsu a aljihu.

Wace makaranta ce?

Wannan bai shafe ku ba, tunda an ɗauki yaranku tun farko, alamar makarantarsu ita ce mafi kusa da ke da gurbi. Amma shi ne ramin da mutanenmu suka fi faɗawa, don haka bari in taɓa shi. "Wadda ta dace" a bakin doka ba ta nufin wadda ta fi kyau ko wadda iyaye suka fi so, tana nufin wadda ke koyar da yara masu irin shekarunsa da buƙatunsa. In ka tsallake makarantar unguwarku ka kai ɗanka wata mai nisa don an yabe ta, ko don ta Musulunci ce ko ta coci, kuɗin mota a wuyanka yake. Sassaucin da aka yi wa makarantun addini, daga mil 2 zuwa mil 15, na 'yan sakandare ne masu ƙaramin ƙarfi, bai sauko firamare ba. Shi ya sa nake gaya wa duk mai cike fom ɗin shiga firamare, wanda ake rufewa 15 ga Janairu, ya sa makaranta mafi kusa a cikin zaɓinsa ko da ba ya sonta. In ta cika aka tura yaron nesa, nauyin ya koma kan kansil. In bai nema ba kuwa, za a ce da ya nema da ya samu. Ku ma in kun tashi sauya gida, a sabon adireshi lissafin zai sake farawa daga tushe, har na ƙaramar.

Ɗaukaka ƙara

Yau ɗin nan ki duba kwanan watan da ke kan takardar. Tsarin da Ma'aikatar Ilimi ta shimfiɗa, wanda yawancin kansil ke bi, hawa biyu ne. Kuna da ranakun aiki 20 daga samun takardar ku rubuta neman a sake dubawa, wani babban jami'i ya amsa cikin ranakun aiki 20. In bai gamsar da ku ba, kuna da wasu 20 ku nemi a kai gaban kwamitin da ba shi da hannu a hukuncin farko, shi kuma ya zauna cikin ranakun aiki 40. Ki haɗa lissafin ki gani, in aka yi sanya Satumba za ta zo ba a gama ba. Kowace kansil dole ta wallafa tsarinta a shafinta na intanet, ki sauke naku ki karanta, don a nan za ki ga inda suka ƙara a kan doka da inda suka tsaya daidai ita.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya ko biyu. Sunan yaro da ranar haihuwarsa, lambar da ke kan wasiƙarsu, sannan dalili ɗaya bayan ɗaya, kowanne da shaidarsa a manne. Ta imel za ki tura, ki ajiye kwafi, abin da aka faɗa a waya ba ya zama hujja. In an kai ga kwamiti, ku je da kanku, kuna iya tafiya da wanda zai taya ku magana, kuna iya neman tafinta. Bayan kwamiti akwai ofishin sauraron koke-koke a kan ƙananan hukumomi, amma shi ba ya sake yanke hukunci don kawai bai yi muku daɗi ba, yana duba ne ko an bi ƙa'ida wajen yanke shi.

Kafin duk wannan ya kammala, ku nemi kujerar biya. Tunda motar tana tsayawa ɗaukar ƙanwarsa, kansil da yawa suna sayar da kujerun da suka rage, zango-zango ko shekara-shekara. Kuɗin ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma ana iya karɓe kujerar in wani mai haƙƙi ya zo, amma wanda ya riga nema shi ake fara ba, don haka a sa suna tun yanzu, neman ba ya ɓata ƙararku. Ki kuma shiga ofishin makaranta ki yi magana da su. Sukan san iyayen da ke tahowa daga ɓangarenku da mota, wasu makarantun kuma suna buɗewa da wuri don karin kumallo, abin da zai iya daidaita muku lokaci da aikin maigida.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, kada ku ajiye yaron a gida don nuna fushi ko jiran hukunci. Muddin a idon doka bai cancanci mota ba, rashin motar ba uzuri ba ne, za a rubuta masa fashi. Tarar fashi tun Agustan 2024 fam 80 ce in an biya cikin kwana 21, in an wuce ta koma 160, kuma uwa daban uba daban ake ci. In wata safiya ta gagara, ki kira ofishin makaranta kafin a kira suna, ki faɗa musu dalili, ki ce su rubuta a fayil ɗinsa cewa maganar motarsa tana gaban kansil.